Na je na ga zanen Pollock da idona

Gaskiya ba da son raina na je ba. Ɗan yayata da na sauka wajensa a unguwar Bronx ta birnin New York shi ya matsa, wai Kawu ba za ka koma gida ba ka leƙa MoMA ba, wato gidan nan na baje kolin zane-zanen zamani. Ni kuma da ma na sha ganin hoton zanen nan na Jackson Pollock, mai zane ɗan Amurka, a waya, ina cewa ai ko mai fentin gidanmu in ya tashi daga aiki haka ledar da ya shimfiɗa a ƙasa take komawa, me za a gani a ciki. To mun bi jirgin ƙasa zuwa layi na 53, muka hau hawa na huɗu, muna shan kwana sai ga shi nan ya cinye bango.

Jama'a ashe waya cutata ta yi. Abin da nake gani kamar tafin hannu, faɗinsa ya haura mita biyar, tsayinsa ya kusa mita uku, sai da na ja baya kafin idona ya iya ɗaukarsa duka. Sunansa One: Number 31, a 1950 ya yi shi. Baƙi ne da fari da ruwan ƙasa da wani toka-toka, sun sarƙe kamar zaren da kaji suka tattake, amma in ka tsaya za ka ga ba hauka ba ne, wani layin siriri kamar gashi, wani wajen fentin ya taru ya bushe ya yi ƙuraje. Yaron ya ce min a ƙasa mutumin ya shimfiɗa yadin, cikin wani ɗakin katako a tsibirin Long Island na jihar New York, yana zagayawa yana ɗiga fenti da sanda, ba a tsaye ya zana ba. Shekara shida bayan nan ya mutu a hatsarin mota yana da 44.

Sai ya ce wai Kawu akwai ƙuda a ciki fa, ya faɗa fentin tun yana ɗanye ya maƙale. Ai shi ke nan na manta da girmana. Na duƙa ta kusurwar dama daga ƙasa ina leƙe, na cire tabarau na mayar, ina matsawa ina matsawa har sai da mai gadi ya zo cikin ladabi ya ce in ɗan ja baya, kuma gaskiyarsa ce don hancina ya kusa taɓawa. Duk ɗigon baƙi in na gani sai in ce shi ne, yaron yana ta dariya wai ba shi ba ne. Na fi minti ashirin a wajen, ni da na ce minti biyu ma ba zan yi ba.

Amma fa mutane sun ɓata min rai. Ka samu benci ka zauna kenan sai wata ta zo ta tsaya maka a gaba ta juya wa zanen baya tana ɗaukar kanta hoto, ta canja tsayuwa ta sake, ko kallo ɗaya ba ta yi masa ba ta wuce, wani ya maye gurbinta. Ban samu daƙiƙa goma a jere da bangon yake fili ba.

Sai kuma wautar da na yi da kaina. Da muka fito na ga wani a bakin titi yana sayar da kwafin irin zanen a naɗe, na saya ban ko warware ba, ina murnar zan kafa a falo. Da muka isa gida na buɗe, farin ya koma kamar ruwan kunu, ƙurajen nan duk babu, sumul kamar kalanda. Matar yaron ta leƙo ta ce Kawu wannan ledar tebur ce ko? Yana nan bayan akwatina, har yanzu ina shawarar ko in taho da shi ko in bar musu.