Sikeli ko sikana: wanne ke nuna ƙarfin mai sankarar hanji?

Kafin a yi wa mai sankarar babban hanji tiyata, likita yana son sanin ko jikin zai jure. Ga biyu daga cikin hanyoyin da ake bi.

Ta farko sikeli ne da ma'aunin tsawo. A raba nauyi (a kilo) da tsawo sau tsawo (a mita). Idan abin ya gaza 18.5, mutum ya rame, idan ya kai 30, ƙiba ce. Ba ta da tsada, ko a ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Tawa ana yinta. Sai dai sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ruwan da ya taru a ciki ma kilo ne a wajensa.

Ta biyu hoton sikana ne, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, wanda dama ake ɗauka don a ga inda ciwon ya kai. A kan hoton, daidai ƙashin gadon baya na uku a ƙugu, ana auna faɗin tsoka da kitsen da ya ratsa ta. Nan ake gano Alhaji mai tumbi, ƴan'uwa na cewa "ai da sauran jikinsa", alhali tsokar ta zube. Irin waɗannan sun fi samun matsala bayan tiyata, maganin sankara ya fi galabaitar da su, kuma sun fi daɗewa a gadon asibiti.

A ganina sikana ta fi. Amma ba kowa ke iya zuwa Yamai ya biya kuɗin hoto ba, kuma aunawar tana buƙatar manhaja da gwani. Wanda ya riga ya yi hoton, ya tambayi likita halin da tsokarsa take ciki.