Kafin Hawan Sallah: Me Za Ka Saya Wa Dokinka?

Duk shekara in azumi ya gabato, masu doki a Kano da Katsina da Zazzau sai su fara neman abin da zai sa ingarma ya cika ya yi ƙarfi. Yawanci hatsi ake fara tunawa. Ni dai in kuɗina kaɗan ne, harawa nake fara saya.

Dokin da ya kai kilo 350 yana cin kusan kilo 7 na busasshen abinci a rana, kuma aƙalla rabinsa ya kamata ya zama ciyawa ko harawa, don tumbinsa ƙarami ne, kaɗan-kaɗan yake so. Harawar wake da ta gyada duk suna gina tsoka. Kwance damin a gaban mai sayarwa, ka duba tsakiyarsa: ganye ya zama kore-kore, yana ƙamshi. In ka ga baƙi ko farin funfuna, ko ka girgiza ƙura ta tashi, bar masa kayansa ko da kyauta ne.

Gero da dawa suna ba da kuzari nan da nan, amma nan haɗarin yake. Na taɓa ganin dokin maƙwabcinmu da aka zuba wa tiya biyu a zama ɗaya. Kafin isha'i yana birgima, yana waiwayen cikinsa, gumi sharkaf. Raba hatsin sau uku a yini, in za ka ƙara yawansa kuma ka yi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Masarar da ta yi funfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, kada ta shigo barga.

Dusa tana da araha, sai dai in ta yi yawa ita kaɗai tana raunana ƙashi. Haɗa ta da harawa.

Buhun kanti na dawaki, irin wanda 'yan folo ke saya, an auna komai a ciki, amma da tsada. Ka tabbata na doki ne, domin wani abincin kaji da na shanu akwai maganin monensin a ciki, ɗan kaɗan yana kashe doki.

Ka ware kuɗin gishiri da maganin tsutsa. Sannan kilisa: fara da tafiya sati shida zuwa takwas kafin hawa, a shiga sassarfa, sukuwa sai can ƙarshe, da sanyin safiya ko bayan la'asar.