Labari mai tsayawa a rai, amma ku gyara ma'aunin gishirin da biro

Littafin nan mai koren bango da ake ta yi da shi, mai ba da labarin wani malamin tsafta a lokacin ɓarkewar kwalara, bai fara da wani armashi ba. Babi uku na farko duk kewaye-kewaye ne: gabatar da iyali, bayanin ofis, sai wata soyayya da aka liƙa don kawai kada a ce babu. Wanda ya ajiye shi a shafi na 40 ba zan ga laifinsa ba, amma ya yi asara, domin naman labarin yana babi na 9.

Malamin tsaftan nan mutum ne mai ji da kansa. Ya iya aiki, ba ya cin hanci, kuma yana da rijiya a ƙofar gida wadda ya bar wa jama'a suna ɗiba kyauta, abin da yake yawan ambata ko ba a tambaye shi ba. Da amai da gudawa suka ɓarke, tun kafin ya auna komai ya yanke hukunci cewa ƙazantar mutanen bayan gari ce. Sai ya ɗauko taswira yana ɗiga jan biro a kan duk gidan da aka yi rashi, don ya kai wa manyansa hujja. Marubucin bai ce maka uffan ba. Ya bar ka kana kallon ɗigon suna taruwa ɗaya bayan ɗaya, har ka riga jarumin ganewa cewa rijiyarsa suka kewaye. Shaddar da ya haƙa bara taku kaɗan ne tsakaninta da rijiyar, kuma ita ce a sama, ruwa na gangarowa.

Ba ganewar ce ta kama ni ba, kwana ukun da suka biyo baya ne. Ya sani, ya yi shiru. Ya naɗe taswirar ya cusa ƙarƙashin katifa, da safe ya tsaya yana amsa gaisuwar yara masu bokiti, yana ce wa ransa sai ya ƙara tabbatarwa. A cikin kwanakin nan aka ƙara rasa mutum biyu. Babu wa'azi, babu wani dattijo da ya fito ya yi masa nasiha. Uzurorinsa kawai aka jera maka da bakinsa, kuma kowanne yana da kai, irin wanda kai ma ka taɓa ba kanka. A nan ƙagaggen labari ya fi lacca ƙarfi: shafi ɗari ka yi kana cikin kan mutumin, kana raina waɗanda yake rainawa, saboda haka da asiri ya tonu ba ka da wurin tsayawa ka nuna shi da yatsa. Dole ka rufe littafin ka tambayi kanka wane alheri kake taƙama da shi wanda ba ka taɓa duba ko yana cutar da wani ba, kuma wace gaskiya ka sani kake jan ƙafa a kanta don tsoron kunya.

Daga nan sai ƙishin sani ya taso, kuma wannan ma ƙwarewar marubuci ce, don ya bar tambayoyi a buɗe. Me ya sa wasu suka sha ruwan ba su kwanta ba? Saboda yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma suna fitar da ita a bayan gida na tsawon kwana 1 zuwa 10. Daga shan ruwan zuwa fara ciwo kan ɗauki awa 12 zuwa kwana 5, shi ya sa mutane ba su alaƙanta ciwon da rijiyar ba. Dabarar taswirar kuwa tana da asali: likita John Snow ya yi irinta a Landan a 1854, ya nuna mace-macen sun taru a kewayen famfon titin Broad Street, aka cire hannun famfon, daga baya aka gano wani ramin ƙazanta ne ke yoyo dab da rijiyar. A shekarar ce kuma Filippo Pacini ya ga ƙwayar da madubin likita a Italiya, ba a kula shi ba sai da Robert Koch ya sake gano ta a Indiya a 1884. Duk wanda babi na 9 ya taɓa zai je ya tono waɗannan da kansa, har ya fita ya auna tazarar rijiya da shadda, wadda ake so ta kai aƙalla mita 30.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya saya ido rufe. Amma jama'a, babi na 14 ya ɓata mini rai matuƙa. A wurin da jarumin yake koya wa wata uwa haɗa ruwan gishiri da sukari, an rubuta lita ɗaya ta ruwa, sukari cokali shida, gishiri babban cokali ɗaya. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ma'aunin da aka sani shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Babban cokali yana ɗaukar mililita 15, rabin ƙarami kuwa 2.5, ka ga an ninka gishirin sau shida ke nan. Yaron da jikinsa ya riga ya bushe, idanu sun faɗa, fata in an tsunkule ta ba ta komawa da wuri, idan aka ɗura masa wannan haɗin gishiri zai yi yawa a jininsa, har ya iya kai shi ga jijjiga. Sukarin ma da bai faɗi girman cokalinsa ba, shi ma matsala ne, domin in ya yi yawa ƙara gudawar yake yi. Aikinsa kawai ya taimaka wa hanji ya shanye gishiri da ruwa, don haka daidaiton ma'aunin shi ne maganin. Irin wannan haɗin ne likita ɗan Indiya Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladesh a 1971, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Ba tuntuɓen alƙalami ba ne, don an maimaita shi a shafi na 171. Haba! Marubucin da ya iya bibiyar yadda ruwa ke ratsa ƙasa ya kasa tambayar ma'aikacin jinya guda ɗaya? Su kuma masu tacewa me suka tace? Abin da ya fi damuna shi ne littafin ya riga ya sa ka yarda da jarumin a harkar lafiya, don haka mai karatu zai ɗauki ma'aunin a matsayin ilimi. Bai kuma faɗi cewa haɗin ba ya wuce awa 24 ba, ko cewa wanda ya kasa sha, ko yake amai babu ƙaƙƙautawa, ƙarin ruwa yake bukata a asibiti nan take.

Ɗinkin ma ba abin yabo ba ne. Gam kawai aka shafa a ƙeya babu zare, in ka buɗe shi sosai shafukan tsakiya za su fara ɓallewa, kuma tsakiyar ce wurin da za ka so komawa. Ƙarshen labarin an yi gaggawa, an yafe wa jarumin cikin shafi biyu, iyayen yaran da suka rasu ko magana ba a ba su ba.

Ku saya saboda babi na 9 zuwa 11, sun cancanci kuɗinku. Amma kafin ku ara wa kowa, musamman mai ƙananan yara, ku buɗe babi na 14 da shafi na 171 ku soke babban cokalin nan, ku rubuta rabin ƙaramin cokali a gefe.