Robot mai ƙafa shida: ya iya tafiya, amma bai san ƙasa ba

Ta intanet na yi odarsa daga China, don yaran kulob ɗin kwamfuta na makarantarmu. A warwatse yake zuwa cikin kwali, da ƙananan injina 18 masu motsa gaɓoɓi, waɗanda ake kira servo, kowace ƙafa uku: ɗaya na kai ta gaba da baya, biyu na ɗaga ta da miƙe ta. Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, da batira masu caji samfurin 18650 kai za ka nemo, abin da tallar ba ta fito fili ta faɗa ba.

Kafin ka ɗaure ko noti ɗaya, sai ka tsayar da kowane inji a kan digiri 90. Ƙafa guda ta kauce kaɗan, to duk tafiyarsa a karkace za ta zama.

A tafiyar ne ya biya ni. Manhajarsa na da salo biyu. A na farko, ƙafar gaba da ta baya na dama su tashi tare da ta tsakiya ta hagu, sauran ukun su riƙe jiki daram kamar tukunya a kan duwatsun murhu, sannan su yi musaya. Haka kyankyaso ke gudu, kuma yaran ba su yarda ba sai da suka kalli bidiyonsa a hankali. A na biyu ƙafa ɗaya ce ke tashi, biyar na ƙasa. Ga rashin sauri kam, amma da wuya ya faɗi. Kai dai ka nuna masa inda tafin zai sauka, shi zai lissafa kusurwar gaɓoɓin uku da kansa.

Matsalar ita ce tafin ba ya ji. Babu abin da ke gaya masa ya taka ƙasa ko bai taka ba. A kan siminti ba shi da laifi, amma da muka kai shi kan tsakuwa, sai ka ga ƙafa tana tuƙi a iska shi kuwa ya ci gaba abinsa. Batir na yin sanyi gaɓoɓi su kama karkarwa.

Malamin da ke son yara su ga lissafi da idonsu ya saya, amma ya haɗa da servo biyu ko uku na ajiya, masu giyar ƙarfe. Na robar da ke gwiwa ne suka fara cinyewa a namu.