Ajin Twi na yamma a Asawase: abin da na samu a ciki

Duk ɗan Zango da ke ganin ya iya Twi don yana ciniki da shi, ina ba shi shawara ya leƙa ajin yamma da wata dattijuwa ke yi a barandar gidanta a unguwar Asawase da ke Kumasi, a Ghana. Ni haifaffen Aboabo ne, yadi nake sayarwa a kasuwar Kejetia, kuma tun ina yaro bakina ya saba da Twi, yaren Tonawa, wato Ashanti. Amma na kasuwa ne: nawa ne, rage mini, ga canjinki. In dattawansu suka buɗe baki a wurin makoki ko a fada, kalmomin nake ji, ma'anar kuwa ta wuce ni.

Malamar ta daɗe tana koyar da Twi a makarantar gwamnati kafin ta yi ritaya. Maame muke ce mata, ita kuma ba ta kiran babba a cikinmu sai da Alhaji ko Hajiya. Ranar farko ta tambayi kowa ranar haihuwarsa, ta ba shi sunan ranar, kamar yadda Kofi Annan, wanda aka haifa a nan Kumasi a 1938, ya sami nasa don ya zo ranar Juma'a. Da muka ce mata mu ma muna da Ɗanjuma da Asabe da Talatu, sai ta jawo littafinta ta ce mu faɗa mata sauran ta rubuta. Tun daga nan na ji ta kwanta mini, don malamin da ke son koya daga ɗalibinsa ba ya raina shi.

Karatu da rubutu ba su ba mu wuya sosai ba. Akwai baƙaƙe biyu, ɛ da ɔ, da sai ido ya saba da su. Hawa da saukar murya kuwa, da ke wahalar da Turawa, Bahaushe ya riga ya san su a nasa harshen.

Inda kuɗina ya biya shi ne darasin makoki. Shekara da shekaru nake auna wa mutane jan yadi da baƙi duk ƙarshen mako, ban taɓa sanin tsarin abin ba. Mu da safe a rasu, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, shi ya sa a Zango ake yawan cewa ajiye gawa makonni da taron Asabar almubazzaranci ne kawai. Maame ta zaunar da mu ta warware abin. Gawa ta dangin uwa ce, ba ta mata ko 'ya'ya kaɗai ba, kuma sai shugaban dangi ya tara kowa an tsayar da rana. Ja da baƙi na zafin rashi ne, fari kuwa na tsohon da ya cika kwanansa ya bar jikoki. Gudummawar da ake shelantawa da lasifika ana rubuta ta a littafi, don ranar da naka ya faɗi a san abin da za a mayar maka. Ta sa muka jera kujeru a baranda muka gwada gaisuwar: daga dama ake fara miƙa hannu a bi layi zuwa hagu, ka zauna, sannan masu gida su taso su rama maka, a ba ka ruwa, sai a tambaye ka abin da ke tafe da kai ko da an sani. Har yanzu ina kan cewa gaggauta jana'iza shi ne daidai a addinina. Amma yanzu in mace ta tsaya a shagona tana neman jan yadi, na san irin ta'aziyyar da zan yi mata, kuma ina ganin yadda fuskarta ke sakewa.

Ta kuma raka mu Manhyia, fadar sarkin Tonawa, ranar Akwasidae, bikin da ake yi ran Lahadi duk bayan kwana 42. Can na ga Otumfuo Osei Tutu II, wanda ke kan gadon sarauta tun 1999, ba ya magana da jama'a kai tsaye, sai ta bakin kakakinsa mai sandar zinariya. A kan wata sandar akwai hannu riƙe da ƙwai, kuma Maame ta raɗa mana cewa mulki ake nufi: ka matse ya fashe, ka sake ya faɗi. Ta tuna mana cewa Baturen nan Bowdich da ya zo a 1817 ya tarar da malamai Musulmi a fadar nan suna rubutu da Larabci. Wato zamanmu da mutanen nan ya girmi kakannin kakanninmu, tun zamanin fataucin goro ta Salaga, kuma abin ya dame ni cewa yawancinmu a bakin ƙofar harshensu muka tsaya. Da aka zo zuba wa magabata abin sha, ta bayyana mana abin da ake faɗa, ba ta ce kowa ya sa hannu ba, ba ta kuma nemi mu yaba ba. Wannan ladabin nata ya ƙara mata daraja a idona.

Ajin yana da nasa cikas. Lokacinsa na cin karo da Magariba, sai mu fita salla mu dawo rabin sa'a ta tafi. An haɗa sabon zuwa daga Nijar da irina a benci ɗaya, shi yana fama da gaisuwa, ni ina jiran karin magana. Takardun da take rabawa sun sha kwafi har wasu layuka sun dushe, in kuma an ɗauke wuta sai fitilar waya. Kuɗin wata-wata ake biya, ɗan kasuwa ba zai ji shi a jiki ba, kuma tana haƙuri da wanda ya makara.

Mun roƙe ta ta raba mu gida biyu, ta kuma dawo da ajin bayan la'asar, ta ce za ta duba. Wanda zai je ya tafi da littafin rubutu da biro, kuma in yana da ɗa matashi ya ja shi su tafi tare. Ni nawa babban yana zama kusa da ni yanzu.