Gargaɗi: a kula da mai sayar da injin jijjigar waya da ke cewa ka gyara da kanka a gida

Assalamu alaikum jama'ar Daura, Katsina, Mai'adua, Zango da Sandamu. Na so in bar maganar nan ta wuce, amma jiya na ga mutumin da ya damfare mu ya sake sa talla da sabon suna, mutane kuma suna ta tambayarsa farashi. Shi ya sa na ga yin shiru ba zai yiwu ba.

Mahaifinmu ya kai shekara 70, kunnensa ya yi nauyi. Ƙarar waya ba ya jin ta ko an ƙure ta. A aljihun gaban rigarsa yake ajiye wayar, idan ta yi jijjiga a ƙirjinsa ya san ana nemansa. Da haka yake sanin kiran yayarmu da ke aure a Kano, da haka kuma ƙararrawar Asuba ke tada shi idan ya sa ta ƙarƙashin matashi. To rana ɗaya jijjigar ta ɗauke. Kwana uku Yaya tana kira ba a ɗauka, har ta kira ni da kuka tana cewa in gaya mata gaskiya ko wani abu ya sami Baba.

A daren nan na ci karo da tallar a Facebook. Bidiyo ne gajere: hannu ya buɗe bayan waya, ya ɗaga wani ɗan abu kamar maɓallin riga, ya manna sabo, waya ta kama rawa a kan tebur. An rubuta wai minti goma ya isa, kada ka bari masu gyara su cuce ka. Akwai lambar WhatsApp a ƙasa. Na yi masa magana, na ce wayar Baba ta daina baibireshan. Bai tambaye ni samfurin wayar ba, bai tambayi ko ta faɗi ko ta shiga ruwa ba. Nan take ya aiko da saƙon murya: "Alhaji, baibireta ce ta ƙone, kullum muna ganin irin wannan. Idan ka bar ta za ta cinye fanel ɗin gaba ɗaya." Wannan maganar ta cinye fanel, wato babban allon da duk kayan cikin waya ke haɗe a kansa, ita ta tsorata ni, kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Ya ce injin da kayan kwancewa naira 6,500, kuma shagonsa yana Farm Centre a Kano. Ya san duk wanda ke harkar waya a Arewa ya san kasuwar, ambatonta kawai ya isa ya kwantar wa mutum da hankali. Da na nemi lambar shago sai ya ce yana hanya, zai turo. Na tura kuɗin a wani asusu da sunansa ya bambanta da wanda ke kan tallar, ya ce na ƙanensa ne. Washegari ya ce direba ya ƙi karɓa sai an ƙara 2,500. Na ƙara.

Kayan sun zo, kuma nan ne wayon mutumin yake. Da bai aiko da komai ba, da tun ranar na gane. Wani yaro a tasha ya miƙo mini ƙullin baƙar leda an naɗe da salatef. A ciki akwai sukurdireba guda ɗaya da bakinta ya fi notin wayar girma, da reza, da injin. Injin dogo ne kamar ƙwayar shinkafa mai kauri, da guntayen wayoyi biyu da aka yanke da almakashi, ga busasshen gam da ƙura a jikinsa. Daga matacciyar waya aka ɓamɓaro shi.

Ƙanena, wanda yake da ɗan hannu a irin waɗannan abubuwa, shi ya zauna a kan tabarma a zaure ya bi bidiyon. Bayan wayar da gam aka manne shi, wanda masu gyara ke ɗumamawa a hankali kafin su zura siririyar roba su ɗaga. Bidiyon bai nuna wannan ba. Ya zura reza, ta shige da ƙarfi, ta datse siririyar igiyar da ke haɗa fanel da wurin sa yatsa don buɗe waya. Da murfin ya buɗe muka ga rezar ta karce jikin batir, saura ƙiris ta huda shi. Batirin waya na litiyom ne, idan aka huda shi yana iya tada hayaƙi ya kama da wuta a hannun mutum, ga shi kuma cajinsa cike yake a lokacin. Allah ne kawai ya kiyaye yaron.

Sannan muka ga injin wayar Baba zagayayye ne, mai zama a ɗan gurbinsa yana taɓa fanel ba tare da walda ba. Wanda aka aiko ko kusa bai yi kama da shi ba.

Na kira mutumin. Bai yi faɗa ba, har haƙuri ya ba ni. Ya ce ai duk ɗaya ne, sai dai a yi wa wayar seti daga kamfani ta karɓi sabon injin. Ya ce in mayar da layin Baba cikin wata waya, zai sa a turo lamba shida, in karanto masa. Saƙon ya shigo. Da na duba sai na ga daga bankin da fanshon Baba ke shiga ne, kuma a rubuce ƙarara cewa kada a ba kowa wannan lamba. Jikina ya yi sanyi. Na ce masa, "Malam, mi ya haɗa injin waya da banki?" Ya kashe. Kafin la'asar ya toshe ni ko'ina. Sai a lokacin na tuna tun a farkon hira ya tambayi lambar da ke cikin wayar da cikakken sunan mai ita, wai don rasit. Ashe naira 9,000 ɗin nan ba ita yake nema ba, ƙofa ce kawai.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Katsina da wayar a cikin ambulan, na kai wa wani mai gyara da abokina ya haɗa ni da shi. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, wa ya buɗe wannan da reza?" Ya mayar da komai wurinsa, ya kunna ta, ya shiga wurin setin sauti. Maɓallin jijjigar kira a kashe yake. Ya kunna, ya kira layin da tasa wayar, ta kama kakkarwa a kan katakon teburinsa har ƙananan notina suna tsalle. Injin Baba lafiyarsa lau. Jikoki ne da ke wasa da wayar da yamma suka kashe shi. Na yi shiru na daɗe, don na tuna kukan Yaya da hannun ƙanena a kan batirin nan, duk a kan abin da taɓawa ɗaya ke gyarawa.

Mai gyaran ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ina so kowa ya ji. Injin jijjiga ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai juyawa, wanda aka ɗaura wa ɗan ƙarfe mai nauyi a gefe guda, rashin daidaiton nan shi ke girgiza wayar idan ya juya. Wani dogo ne, wani zagayayye kamar kwabo, yawanci faɗinsa milimita 8 zuwa 10 ne. Akwai kuma wanda ba ya juyawa, maganaɗisu ne a kan sifirin yana kai da kawo, irin wanda ake sa wa manyan wayoyi. Na iPhone ma nasa daban ne, Taptic Engine, wanda Apple ya fara sakawa a iPhone 6s a 2015. Wani ana yi masa walda da dalma, wani zama kawai yake yi. Saboda haka duk wanda ya ce zai aiko maka da inji bai tambayi ainihin samfurin wayarka ba, ko dai bai san aikin ba ko kuma ba aikin ne ya kawo shi ba. Kuma babu wani injin jijjiga a duniya da ke buƙatar lambar da aka turo ta saƙo kafin ya yi aiki.

Kafin ka yarda inji ya mutu, duba setin sauti, duba ko wayar tana kan shiru, duba tsarin tattalin batir domin a wayoyi da yawa yana rage jijjiga ko ya kashe ta. Kashe wayar ka kunna, wasu sukan ɗan girgiza lokacin tashi. A Samsung da yawa idan ka danna *#0*# a wurin kira, shafin gwaji zai fito, har da na jijjiga.

Ban ce ba a iya canza shi a gida ba. Ana iyawa, ga wanda ke da kayan da suka dace da haƙuri: a bari caji ya sauka ƙasa da kashi 25, a cire layi, a ɗumama gam, a yi amfani da roba ba ƙarfe ba, a fara cire haɗin batir kafin a taɓa komai. Amma ni dai a ganina, abin da mai gyara zai karɓa a gabanka kana kallo bai kai asarar igiya ɗaya da reza za ta datse ba. Kuma ka sayi kayan a inda za ka iya komawa gobe ka samu mutum zaune.

Ranar Litinin na kai Baba banki aka canza masa lambar sirri, aka tabbatar ba a taɓa kuɗinsa ba. Na ba su lambar asusun da na tura wa kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda ya riga ya karanta wa mutumin nan lamba, kada ya jira gari ya waye: ya kira bankinsa a rufe asusun, sannan ya kai ƙorafi, EFCC ma tana da ofis a Kano. Kada kunya ta hana ka, da kunyarmu suke cin abinci.

Alamarsa a yanzu: bidiyon nan dai na hannu da maɓallin riga, hoton shago cike da kaya wanda ba nasa ba, da kiran kowa Alhaji ko Hajiya tun saƙon farko. Sunan shafin da lambar waya yake canzawa, muryar tana nan yadda take. Wayar Baba ta koma aljihunsa tana jijjiga, amma wurin sa yatsa ya mutu, mai gyaran ya ce sai an kawo igiyarsa daga Kano a mako mai zuwa.