MIDI ko WAV: da wanne za a naɗi kiɗa a fiyanon lantarki?

Masu koyon fiyano a Samaru da makaɗan coci a Wusasa da Sabon Gari suna yawan tambayar wanne ya fi tsakanin MIDI da WAV, nau'o'in fayil biyu, wajen naɗar abin da suka kaɗa.

MIDI, wanda ya fito a 1983, ba ya ɗaukar sauti. Umarni kawai yake ajiyewa: maɓallin da aka danna, ƙarfin dannawar, tsawonta, da lokacin da aka taka feda. Shi ya sa bayan an gama za a iya rage gudun kiɗan, a gyara maɓallin da yatsa ya kuskure, ko a kashe hannun dama a saurari na hagu kaɗai. Ga mai koyo wannan babbar garaɓasa ce. Fayil ɗin kuma ƙarami ne ƙwarai. Matsalarsa, in aka kunna shi a wata na'ura, da muryarta za ta kaɗa shi, sau da yawa ya fito a bushe.

WAV kuwa sautin kansa ne, yadda aka ji haka zai koma. Minti ɗaya na cin kusan megabait 10, kuma kuskure ya zauna ke nan. In ƙarar ta yi yawa sautin zai fashe, gyaransa kuma da wuya. A duba littafin na'urar, domin ba kowane fiyano ke naɗar WAV ba, kuma yawancinsu filashin da aka yi wa fomat da tsarin da ake kira FAT32 suke karɓa. A yi hattara da ɗauke wuta lokacin adanawa, yana lalata fayil.

Mai atisaye da mai tsara waƙa, MIDI ya fi musu. Wanda zai tura wa mawaƙa ta WhatsApp ya naɗi WAV, ya mayar da shi MP3, wanda ya fi shi ƙanƙanta.